Zuwa ga Yaya, kan maganar Kawu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da su Inna da yara. Ni ma lafiya ƙalau, sai sanyin Ingila da aikin dare a asibiti.

Na ga saƙonka cewa an tabbatar wa Kawu ciwon suga nau'i na 2, har an ɗora shi kan magungunan rage suga, metformin da glibenclamide. Amma akwai maganar da ka tsallake: kwalbar nan. Kowa ya sani, kowa ya kawar da kai. Wa'azi an yi har an gaji, ni maganar asibiti zan yi.

Ana ɗauka giya hawan suga kawai take jawowa. Ni faɗuwar sugan ta fi ba ni tsoro. Hanta ce ke sakin suga cikin jini idan ciki ba abinci, musamman cikin barci. Da giya ta shiga, sai hanta ta shagala da tace ta, ta saki wancan aikin, ga glibenclamide kuma tana ta jan sugan ƙasa. Abin kan iya faruwa har awa 24 bayan an sha. Gumi, rawar jiki, tangaɗi, harɗewar harshe, duk sak da maye. Na sha ganin an kawo mana mutum ranga-ranga da asuba, iyalinsa sun bar shi kwance, wai sai giyar ta sake shi.

In ka gan shi haka, ajiye faɗa, ka gwada jininsa. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, a jiƙa masa suga ƙaramin cokali huɗu ya sha, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi ta gefe, sai asibiti.

Don Allah ka raka shi wurin likita ya faɗi gaskiyar yawan da yake sha, domin metformin ma ba ta jituwa da shan giya mai yawa. Kada kuma ku ƙwace masa giyar rana ɗaya: wanda ya daɗe yana sha kullum, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga. Likita zai tsara masa yadda zai bari.

Ka same shi ku biyu kawai, ban da gaban yara. Ka san shi da zuciya.

A gaishe min da Inna, zan kira ta ranar Lahadi in Allah ya kai mu.

Ƙanwarka