Makircin Iyago yana nan cikin wayoyinmu a Jos

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani wasan kwaikwayo na Turawan Ingila, wato Otelo na Shekspiya, wanda yaranmu da suka zana WAEC daga 2016 zuwa 2020 sun san shi tunda shi aka sa musu a adabin Turanci. Tun wajen 1603 zuwa 1604 aka rubuta shi, amma wallahi akwai fitowa ɗaya a farkon kashi na huɗu da ke hana ni sakat, don abin da ke cikinta shi muke yi wa junanmu yau da waya.

Ga wanda bai karanta ba, Otelo baƙin mutum ne kuma babban kwamandan sojan birnin Banis, aka tura shi tsibirin Sayifurus shi da amaryarsa Dasdimona. Iyago na hannun damansa ne amma ya ƙullace shi saboda ya ba Kasiyo muƙamin mataimaki ya tsallake shi, shi ne ya dinga zuga shi a hankali cewa matarsa na cin amanarsa da Kasiyo. Otelo da farko ya ce shi fa sai ya gani da idonsa. To a nan ne aka gama da shi.

Iyago ya cika masa kunne har sai da ya yanke jiki ya faɗi kamar mai farfaɗiya, da ya farfaɗo sai ya ce masa ranka ya daɗe laɓe can gefe, yanzu Kasiyo zai zo zan sa ya maimaita labarin yadda yake haɗuwa da matarka, kai dai ka lura da fuskarsa da dariyarsa. Kasiyo ya iso, Iyago ya fara ambaton sunan Dasdimona sannan ya karkatar da hirar zuwa kan Biyanka, wata mai zaman kanta da ta mutu a kan son Kasiyo har tana cewa zai aure ta, shi kuwa da ya ji sai ya tuntsire da dariya yana kwaikwayon yadda take rataye masa a wuya, Otelo yana can nesa yana ganin hannu yana ganin dariya, kuma duk motsin da aka yi sai ya ɗora shi a kan matarsa. Ana cikin haka sai ga Biyanka ta shigo a fusace ta jefa wa Kasiyo hankicin nan mai ado, kyautar farko da Otelo ya ba Dasdimona, wanda Iyago ne da kansa ya yar da shi a ɗakin Kasiyo bayan matarsa Imiliya ta tsince shi ta ba shi.

Malam Edita, ka duba da kyau, babu abu ɗaya da Otelo ya gani a wurin nan da yake ƙarya. Kasiyo ya yi dariya da gaske, hankicin ma na matarsa ne da gaske. Abin da Iyago ya yi kawai shi ne ya riga ya gaya masa ma'anar abin kafin ya gani, ya kuma tsayar da shi a inda ba zai ji farkon magana ba. Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, amma a nan jin ne ya ja idon ya kai shi inda yake so. Daga nan Otelo ya ce a samo masa guba ya kashe Dasdimona, Iyago ya ce a'a gara ka shaƙe ta a kan gadonta, kuma kafin fitowar ta ƙare Otelo ya mari matarsa a gaban Lodobiko, manzon da ya kawo takarda daga Banis.

Wannan bai da bambanci da guntun bidiyon da ake turo mana a WhatsApp da Facebook, an yanke kai an yanke gindi, an rubuta a sama "kalli abin da suka yi mana", kai kuma kafin ka danna ka riga ka san abin da aka ce za ka gani, to shi za ka gani. Wani lokacin hoton na wata ƙasa ne ma ko na shekarun baya. Mu da muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 a garin nan ba sai an gaya mana ba, mun san yadda magana ɗaya ke tashi daga Taminus ta isa Unguwar Rogo da Bukur kafin a san wanda ya fara ta, a rufe shaguna, iyaye su bazama neman yara a makaranta. Kuma ba rikicin gari kaɗai ba, aure nawa ya mutu saboda wani ya ɗauki hoton hira ya yanke rabi ya tura wa miji?

Abin da ya fi ƙona min rai a wasan shi ne gaskiya tana kusa da Otelo ƙwarai. Ya kira Imiliya ya tambaye ta, ta rantse masa uwar ɗakinta Dasdimona ba ta taɓa yin komai ba, ya ce ai kawaliya ce dole ta faɗi haka. Ita Dasdimona a daren da zai kashe ta roƙonsa take ya aika a kira Kasiyo a tambaye shi, bai yi ba, don ya ɗauka an riga an kashe Kasiyon. Tambaya ɗaya ce da bai yi wa mutumin ba tun farko, a ina ka samu hankicin nan? Sai da ta mutu Imiliya ta tona asirin mijinta, ya soke ta, Otelo ya kashe kansa, shi kuwa Iyago da aka tsare shi ya ce ba zai ƙara furta kalma ba. Ai Allah ya riga ya gaya mana a suratul Hujurati aya ta 6 cewa idan fasiƙi ya zo da labari a yi bincike kada a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama, sai dai wahalar ita ce Iyago bai zo da kamar fasiƙi ba, kowa a wasan mai gaskiya yake kiransa.

Roƙona biyu ne. Jaridarku ta ware shafi duk mako da za ta riƙa bin diddigin bidiyon da ke yawo a Filato tana gaya mana inda aka ɗauke shi da ranar da aka ɗauka. Sannan malamanmu na sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos da 'yan fim ɗinmu, tunda Hukumar Fina-finai ta Najeriya ma a nan garin take, su mayar da wannan fitowar da Hausa su zagaya da ita makarantun sakandare, ba ta buƙatar kuɗi sosai, 'yan wasa ƙalilan ne da hankici ɗaya.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani malamin adabi daga Gangare, Jos