Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu a Kan Harshen Khana

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. A taron bara kun amince mu ba da shekarar nan ga harshen Khana, wanda wasu ke rubutawa Kana. Ga abin da aka yi.

Da farko sai da muka gyara fahimtarmu. Yawancinmu mun ɗauka Ogoni harshe ɗaya ne, ashe dangi ne: Khana, Gokana, Tai, Eleme da Baan. Khana ne mafi yawan masu magana, cibiyarsa ƙaramar hukumar Khana ta Jihar Ribas, mai hedikwata a Bori. A Borin aka haifi Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare haƙƙin Ogoni, a 1941, aka rataye shi a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. Duk wanda muka tambaya ya san wannan, ya san malalar man fetur a ƙasar Ogoni da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kanta, amma ba wanda ya iya ko gaisuwa da harshen mutanen. Abin ya dame mu ƙwarai.

Zaman karatu ya gudana, muka dogara da nahawun Khana da Suanu Ikoro ya rubuta a Leiden ta ƙasar Holand a 1996. Babban aikin kuwa shi ne naɗar murya. 'Yan Khana da ke zaune tare da mu sun ba mu lokacinsu kyauta, Allah ya saka musu. Nan muka sha wuya. Kunnen Bahaushe ya saba da karin sauti na sama da na ƙasa, Khana kuwa yana da na tsakiya, ga wasulan da ake fitarwa ta hanci, ga "kp" da "gb" da harshenmu ya ƙi lanƙwasuwa gare su. Kalmomi da dama sai da muka sake naɗa saboda mun rubuta su ba alamar karin sauti.

Wata uwa cikin masu taimaka mana ta ce 'ya'yanta suna jin Khana, amma da Turancin buroka suke mayar mata da amsa. Saboda ita muka ƙara waƙoƙin reno da tatsuniyoyi cikin abin da ake naɗa.

Ziyarar Bori ba ta yiwu ba, kuɗin asusu bai kai ba. Ma'aji zai karanta lissafi. Muna roƙon ku amince a ƙara wa Khana shekara guda, kuma masu bashin kuɗin wata su biya kafin zama na gaba.

Sakataren ƙungiya