Amsa ga Malamin da ya tambayi yadda ake auna tasirin mai binciken lissafi da ƙwayoyin gado

Assalamu alaikum, Malam.

A gaban jama'a a Samaru ka tambaye mu: malamin da ya raba ƙafa tsakanin lissafin ɗigo da layi da ilimin ƙwayoyin gado, da wane mudu za a auna amfanin bincikensa, alhali abokinsa na fannin likitanci ya ninka shi yawan ambato, wato yawan lokutan da wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalunsa a rubutunsu? Lokaci bai ba mu damar amsawa a wurin ba, ga amsar a rubuce.

Sai an san aikin kafin a auna shi. Lissafin ɗigo da layi ya samo asali ne a 1736, lokacin da masanin lissafi Euler ya nuna ba a iya ƙetare gadoji bakwai na birnin Konigsberg a bi kowacce sau ɗaya tak; kowane ɓangaren gari ɗigo ne, kowace gada kuma layi. Na'urorin karanta DNA (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, wanda ake rubutawa da haruffa A, T, G da C) da aka fi amfani da su ba sa karanta zaren gaba ɗaya, guntaye suke fitarwa masu haruffa 100 zuwa 150, ga shi na ɗan Adam ya kai haruffa wajen biliyan 3. Sai a yayyanka kowane guntu: ATGGC ya zama ATG, TGG, GGC. Kowane yanki layi ne da ya haɗa ɗigo biyu, wato ATG ya haɗa AT da TG. Ɗinke zaren kuwa shi ne a samo hanyar da ta bi kowane layi, matsalar gadojin nan ce ta dawo. Pevzner da Tang da Waterman suka bayyana wannan dabara a 2001, kuma a kanta aka gina manhajoji irin su Velvet da SPAdes.

Wurin da aikin ke cijewa shi ne wurin da ake gane gwani. Kusan rabin DNA ɗin mutum maimaici ne, idan an gajarta yankan sai layukan su cukurkuɗe, idan an tsawaita shi sai zanen ya tsittsinke. Harafi ɗaya da na'ura ta karanta ba daidai ba yana haifar da reshen ƙarya. Wanda ya samo hanyar warware ɗaya daga cikin waɗannan ya yi aiki babba, ko da mutum 20 ne kaɗai suka ambace shi.

Ma'aunin h da kwamitocin ƙarin girma ke dogaro da shi, Jorge Hirsch ya kawo shi a 2005. Idan an ce h ɗin mutum 10, yana da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. A ganinmu zalunci ne a jera masanin lissafi da likita a kan wannan lamba. Maƙalar lissafi sau da yawa mutum ɗaya zuwa uku ne ke rubuta ta, madogaranta kaɗan ne, kuma takan ɗauki shekaru kafin a waiwaye ta. Ta ƙwayoyin gado tana iya ɗaukar sunaye 100, kowannensu ya kwashi ambaton dukkansa. Tsarin sunayen ma ya bambanta: masu lissafi bisa jerin haruffa suke bi, masu ƙwayoyin gado kuwa na farko da na ƙarshe ne masu nauyi. Kwamitin da bai san wannan ba zai rage wa mutum maki don kawai sunan mahaifinsa ya fara da Y.

Ga abin da muke ba da shawara a yi. A nemi maƙalarsa 5 da shi kansa ya zaɓa. A duba ambatonsu a rumbunan maƙalun bincike na Scopus da MathSciNet, kada a tsaya kan shafin neman maƙalu na Google Scholar, domin yana haɗawa da kundayen ɗalibai da kwafin da aka maimaita. A cire ambaton da ya yi wa kansa da na abokan rubutunsa. A buɗe sauran maƙalun da suka ambace shi a karanta jimlar da sunansa ya fito: an gina wani abu a kan sakamakonsa, ko an jera shi ne cikin mutum 10 a gabatarwa? Idan ya rubuta manhaja, a ba wani ɗalibin digiri na biyu ya gwada ta da bayanan da ba nasa ba. Manhajar da ba ta tashi sai a kwamfutar mai ita ba ta kai ga kowa ba tukuna.

Sannan a dubi gida, Malam. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana nan Samaru tana fitar da irin wake da dawa da masara, asibitin koyarwa na Shika yana karɓar masu cutar sikila, wadda canjin harafi ɗaya a ƙwayar gadon HBB ke jawowa. A tambayi masu ƙirƙirar iri da likitocin jini ko sun taɓa ɗora bayanansu a kan hanyarsa, kuma me ta warware musu. A rubuta amsarsu a saka cikin fayil ɗinsa tare da maƙalun nan 5.

Wassalam,
'Yan'uwanka malaman lissafi da ilimin halittu, Zariya