Iyakar Kamba: A Farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa

Ya Edita,

Ina neman fili in yi tsokaci kan ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025. Abuja da Yamai na kallon lamarin a siyasance, amma mu a Kamba abincinmu ne ke ciki.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mun ga motocin albasar Aliero jere a rana har buhuna suka fara zubar da ruwa, 'yan dako kuma suka koma zaman kashe wando.

Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, da aka kafa a 1971, ba ƙarƙashin ECOWAS take ba. A farfaɗo da ita, a ba 'yan kasuwar Kamba da Gaya ta Nijar kujera a cikinta, a amince cewa saɓanin gwamnatoci ba zai sake tsayar da kayan gwari ba.

Naka,
Mai karatu daga Kamba, Jihar Kebbi