Sanarwa: hirar wannan makon kan Andrew Fisher ce

Salam ƴan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Hirar tarihinmu ta daren Asabar bayan isha'i kan Andrew Fisher, tsohon firaministan Ostareliya, za mu yi, don Allah kowa ya ɗan leƙa tarihinsa kafin lokacin.

Mutumin nan a Scotland aka haife shi a 1862, tun yana ɗan yaro yake aikin haƙar kwal, a 1885 ya yi ƙaura zuwa Queensland, wadda yanzu jiha ce a Ostareliya, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya, ya ci gaba da aikin ma'adinai har ma'aikata suka tura shi majalisar Queensland daga garin Gympie a 1893. Ya faɗi zaɓe a 1896 amma bai haƙura ba, ya dawo a 1899. Da aka haɗe Ostareliya a 1901 ya koma majalisar tarayya yana wakiltar mazaɓar Wide Bay, sau uku yana zama firaminista a jam'iyyar Labour.

Ni wallahi abin da ya fi taɓa ni shi ne kuɗin tallafin masu jego da gwamnatinsa ta kawo a 1912, a nan nake so mu daɗe. Masu turo voice a taƙaita don Allah saboda data.