Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Labaran Kutse Da Sabbin Wayoyi, Don Allah A Riƙa Tambayar Wa Ya Faɗa

Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan sam min fili a jaridar nan tamu mai farin jini, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da yadda ake kawo mana labaran fasaha, musamman na 'yan kutse da na sabbin na'urori. Ni mai gyaran waya ne a Kano, na fi shekara goma ina buɗe cikin wayoyin mutane, to duk labarin da aka buga yau ko aka karanta a rediyo da safe, kafin la'asar ya iso teburina a bakin kwastoma, sau da yawa ma ya ƙara kiɓa a hanya. Shi ya sa nake ganin ina da ta cewa.

Bari in fara da labarin buroshi, don har yau in na tuna sai na yi dariya. A farkon shekarar 2024 wata jarida a ƙasar Suwizalan ta buga cewa wai 'yan kutse sun kame buroshin goge haƙori masu amfani da lantarki har guda miliyan 3, sun haɗa su sun kai hari kan shafin wani kamfani sun durƙusar da shi. Kafin ka ce kwabo manyan shafukan fasaha na duniya sun ɗauka, kowa na kwafa daga ɗan uwansa. Bayan an gama yamaɗiɗi sai kamfanin Fortinet, wanda daga bakin ma'aikacinsa zancen ya fito, ya ce ai misali ne kawai aka bayar, abin bai faru ba. Jaridar kuma ta ce a'a, a matsayin gaskiya aka ba ta. Su dai suka san tsakaninsu, amma harin ƙanzon kurege ne. Kuma meye sana'ar Fortinet? Sayar da kayan kariya daga kutse. Mu nan da yawancinmu asuwaki ko buroshin ɗari biyu muke amfani da shi, sai ga wani matashi ya zo shago yana ba ni labarin da gaske-gaske, wai Turawa sun gama lalacewa har buroshi ake yi wa kutse.

Na cajin waya ya fi wannan yaɗuwa. A watan Afrilun 2023 ofishin hukumar FBI na birnin Denver a Amurka ya yi gargaɗi cewa a guji sa waya caji a filin jirgi da otal, wai ana iya satar bayanai ta igiyar caja. Abin zai iya yiwuwa, masu bincike sun gwada sun nuna, amma hukumar sadarwa ta Amurkan, FCC, da kanta ta rubuta cewa ba ta san wani tabbataccen mutum da aka taɓa yi wa hakan ba. Kuma wayoyin yanzu in ka jona su da wata na'ura sai sun tambaye ka, caji kawai za a yi ko a buɗe fayil. Wannan ɓangaren ba wanda ya fassara mana shi, tsoron kawai aka fassara.

To ga abin da ya biyo baya, da idona. Wani dattijo, ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, ya kawo waya in canza masa sikirin, batirin ya kusa mutuwa na ce Alhaji kawo in jona ta, ya ce a'a yaro, ai an ce ta nan ake kwashe kuɗin mutum, an turo musu a guruf ɗin masallaci. Na ce to shi ke nan. Ina cire fawuc ɗin wayar sai ga katin ATM ya faɗo, da wata 'yar takarda a ninke, lambar sirrin katin ce a rubuce da biro ɗauke da lambar BVN a ƙasanta. Wayar ba makulli, layin ba makulli, kuma layin ne banki ke turo masa alat. Wato duk wanda ya zare wayar nan daga aljihunsa a cunkoson kasuwa ko wajen jana'iza ba ya buƙatar ilimin kwamfuta ko na sisin kwabo, layin kawai zai cire ya sa a wata ƙaramar waya ya fara danna lambobin banki. Na ce Alhaji ka ji tsoron caja amma ka bar wannan? Ya yi shiru, sai ya ce ai mantuwa ce ta yi masa yawa. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ban ga laifinsa ba, abin da aka tsoratar da shi a kai shi ya kiyaye.

A duk shekarun nan, mutanen da suka zo min da kuka cewa an shiga wayarsu, in na zaunar da mutum na ce ba ni labari tun daga farko, kusan kullum zancen ɗaya ne. Wani ya kira, da murya mai daɗi da sallama cikakkiya, ya ce daga banki yake za a rufe asusu in ba a gyara BVN ba, ko ya ce shi ɗan guruf ɗinku ne na tsofaffin ɗalibai za a yi mitin da daddare an turo maka lamba shida karanto min in sa ka a ciki. Lamba shidan nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana karantowa ya shige, ya fara bin 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya wai kana asibiti a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe. Wata baiwar Allah ta zo tana hawaye ta ce in yi mata filashin ɗin wayar gaba ɗaya don a fitar da ƙwayar cutar, na ce Hajiya wayarki lafiyarta ƙalau, da bakinki kika ba shi, ba abin da zan goge ya dawo da kuɗin. Ta ji haushina sosai, ta fi so a ce wani gwani ne daga Rasha ya yi mata. Kuma na fahimce ta, ya fi sauƙin faɗa a gida.

Kar a ɗauka wai mu ne kawai ake yi wa haka don ƙarancin boko. A watan Yulin 2020 an ƙwace shafukan Twitter na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk a rana ɗaya, aka yi amfani da su aka damfari mutane kuɗin Bitcoin sama da dala dubu 100. Da aka bincika, kiran ma'aikatan kamfanin aka yi a waya aka yaudare su suka ba da hanyar shiga, kuma cikin waɗanda aka kama har da yaro ɗan shekara 17 a jihar Florida. Irin dai kiran da aka yi wa Hajiya, sai dai can da Turanci aka yi.

Su kuma masu sayar da kariyar, ba na cewa duk 'yan ƙarya ne, amma ya kamata a riƙa tuna cewa kasuwa suke ci. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024 kwamfutoci suka ɗauke a faɗin duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya, Microsoft ya ce na'urori kusan miliyan 8.5 abin ya shafa. Da farko kowa ya ɗauka 'yan kutse ne, ashe kamfanin tsaro ne, CrowdStrike, ya tura sabuntawar manhaja mai kuskure. Mai gadi ne ya kulle masu gida a waje. A shekarar dai hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ci kamfanin Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga, alhali manhajar tasa an sauke ta ne don ta kare sirri. Amma gobe in irin waɗannan kamfanoni suka fitar da rahoto cewa hare-hare sun ƙaru da kaso kaza cikin ɗari, haka za a fassara mana shi a sa "masana sun yi gargaɗi". Waɗanne masana? In mai maganin gargajiya ya shigo motar haya yana lissafo cututtukan da ke jikin fasinjoji ai kowa ya san kwalba ce za ta fito daga jaka a ƙarshe.

Akwai na gaske fa, kar a ce na ce babu. Manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila gaskiya ce, tana shiga waya ba tare da ka danna komai ba, har WhatsApp ya kai su kotu a 2019 kan mutane kusan 1,400. Amma gwamnatoci ake sayar wa da tsadar gaske, 'yan jarida da 'yan adawa da masu fafutuka ake bi da ita, wato ku Edita kun fi ni dalilin damuwa. Manhajar kutse ta WannaCry ma a watan Mayun 2017 ta gurgunta asibitocin Ingila da gaske, kuma abin takaicin Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Wannan darasi ne mai amfani, amma waye zai zauna ya rubuta wa mutane cewa su daure su sayi data su yi afdet? Ba ya jawo masu karatu kamar buroshi miliyan uku.

Sai ɓangaren sabbin kaya, nan kam talla ce tsagwaronta ake sa mata rigar labari. Kamfani zai yi taro ya ce wannan na'ura za ta canza duniya, a kwafo a buga, bayan shekara ba mai komawa ya duba ina aka kwana. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a gaban riga, AI Pin ta kamfanin Humane, aka ce ita za ta gaji wayar hannu, dala 699 ban da kuɗin wata-wata dala 24. Ta fito a Afrilun 2024, zuwa Fabrairun 2025 an sayar da kayan kamfanin ga HP a kan dala miliyan 116, aka kashe sabar, wato kwamfutocin kamfanin da na'urar ke dogara da su, waɗanda suka saya aka bar su da abin ado. Ko shekara ba ta cika ba.

Wannan can ne. Namu na nan ya fi ban haushi tunda kuɗin guminmu ne. Za ka ga kwali an rubuta RAM 8+8 da manyan baƙaƙe, yaro ya tara kuɗi wata shida ya saya yana cewa wayarsa 16 ce, alhali takwas ɗin ta biyu aro ce daga ma'ajiyar wayar, ba ta da saurin ta gasken ko kusa. Kyamara huɗu a baya, in ka buɗe wasu ƙananan wayoyin biyu ne ke aiki sauran gilashi ne kawai don kwalliya. Fawa bank an rubuta 50,000 a jiki, na taɓa fasa wani da kwastoma ya kawo yana cewa ko sau ɗaya ba ya cika masa waya, batir ɗaya ne na gaske a ciki, sauran gwangwanayen yashi aka ɗura don ya yi nauyi a hannu. Mai shi yana tsaye na zazzage masa a tafin hannu, ya kalla ya kalla ya ce ashe ƙasa ya saya da kuɗinsa.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne agogon hannu da ake tallatawa wai yana auna hawan jini da suga. Na ɗaura wani a ƙafar kujerar shagona, ya nuna min bugun zuciyar kujera, lafiyarta lau. Muka yi ta dariya da yaran shago, amma daga baya na yi tunani, akwai mai ciwon suga da zai dogara da wannan ya daina zuwa gwaji. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Wannan ne labarin da ya kamata a fassara da Hausa a maimaita a rediyo, ban ji shi ba.

Mu dama can muna da saurin ɗauka. A 2011 aka yi ta yaɗa cewa akwai lambar da in ta kira ka ka ɗaga za ka mutu, har sai da hukumar NCC ta fito ta ƙaryata. A 2020 aka ce 5G ke kawo korona, a Birtaniya har turakun sadarwa aka ƙona, yau ga shi masu faɗar hakan suna zuwa tambayata ko wayarsu na ɗaukar 5G. Daga baya kuma aka shiga danne-dannen mainin, wato neman kuɗin kirifto a waya, yara da manya ana ta dukan sikirin dare da rana, ni dai na samu ciniki don sikirin da yawa sun mutu, amma ranar da Hamster, ɗaya daga cikin wasannin mainin ɗin, ya fashe a Satumban 2024, wato aka fara sakin kuɗinsa, fuskokin da na gani a kasuwa ba na masu kuɗi ba ne.

Roƙona gare ku Edita ba mai yawa ba ne. In labari ya zo daga kamfani a faɗa mana sunan kamfanin da abin da yake sayarwa, in an ce abu zai iya faruwa kar a mai da shi ya faru a kanun labari. Kuma wakilinku ya ɗan sauko Farm Centre ko titin Beirut ya yini ɗaya a bencin masu gyara, ya saurari masu zuwa da kuka, zai koma da abin rubutawa na wata guda. A kuma ware ko da ɗan lungu ne a shafin a riƙa nuna wa mutane yadda ake sa wa layi lambar sirri da yadda ake kunna makulli na biyu a WhatsApp, minti biyu ne kowanne kuma kyauta. Alhajin nan kafin ya tafi na sa masa duka biyun, na ce ya yaga takardar. Ya ce to, amma na ga ya mai da ita aljihun gaba.

Na gode da ba ni dama, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran waya, daga Kano.