Wasiƙa zuwa ga Abba, kan jaririn da likita ya ce a jira

Makka, unguwar Hindawiyya, daren Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai jego da abin da Allah Ya ba mu, ina yi maka barka da arziki. Na faɗa maka a waya, ina kuma sake faɗa a rubuce, domin na lura dangi sun fi yi maka jaje a kan barka. Haihuwa aka yi, an sauka lafiya, uwa na raye, jariri na kama nono. Wannan abin barka ne, ko da likita bai kai ga ce maka namiji ne ko mace ba tukuna.

Da muka yi magana hankalinka ba ya jikinka, shi ya sa na zauna na rubuto. Abin da zan faɗa maka daga wuri biyu na ɗebo shi: aikin tafinta da na daɗe ina yi tsakanin likitoci da mutanenmu a asibitin yara, da kuma karatun da na yi a gaban kakanka, Allah Ya jiƙansa.

Zan fara da abin da ya fi suna da rago da surutun mutane gaggawa. Kada ka matsa a sallame su daga asibitin nan na Dammam sai likita ya ce gishirin jinin yaron ya daidaita. Ga dalili. A kan kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke samar da sinadaran da jiki ke riƙe gishiri da ruwa da su. Akwai lalurar gado da likitoci ke kira CAH, wadda a cikinta wannan ƙullutu ke kasa yin aikinsa, sai ya koma zuba sinadarin maza fiye da kima tun jariri yana ciki. Idan jaririyar mace ce, sai a haife ta gabanta ya yi kama da na namiji, alhali a ciki tana da mahaifa da ƙwai kamar kowace mace. Wannan ita ce ta fi yawa cikin dalilan da ke sa a kasa gane jinsin jariri. Haɗarinta kuma ba a al'aura yake ba. Wajen mako na biyu zuwa na uku gishiri ke tsiyayewa daga jikin yaron kamar ruwa a tulun da ya tsage: ya ƙi nono, ya yi ta amai, ya yi laushi, idan aka yi sakaci ya tafi. Na ga wanda aka kawo a kan lokaci, na ga wanda aka tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Maganin kuwa yana nan, ƙwayoyi ne da ɗan gishiri da ake bayarwa kullum, kuma yaran na tashi su yi karatu, matan cikinsu su yi aure, da yawansu su haihu.

Ban ce wannan ce ta same ku ba, sakamakon jini ne zai faɗa. Na sa ta a gaba ne domin kai da Hauwa'u 'ya'yan wa da ƙani ne. A duniya ana samunta a kusan haihuwa 1 cikin 15,000, a nan ƙasar ta fi haka yawa saboda auren zumunci, har tana cikin cututtukan da ake ɗigar jinin diddigen jarirai dominsu tun 2005. Gwajin kafin aure da kuka yi ba ya duba ta, shi sikila da danginta yake nema.

To, ka buɗe kunnenka a nan. Wannan lalura ba ta fitowa sai uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi. Iyayen biyu lafiyarsu ƙalau, ba su san suna ɗauke da komai ba, kuma kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. Saboda haka duk wadda ta buɗe baki ta ce laifin Hauwa'u ne, ko ta yi wanka da magariba, ko an yi mata sammu, ko iska ta shafe ta, kai za ka tsawatar, ko da gwaggonka ce. Yarinyar nan ta ɗauki ciki wata tara, ta sha naƙuda, yanzu tana kwance tana ƙirga idanun da ke kallonta. Idan ka sunkuyar da kai, ita za a ɗora wa. Ka zauna kusa da ita, ka ɗauki jaririn a gabanta, ka yi masa wasa ta gani.

Akwai wasu hanyoyin ban da wannan. Har wajen mako shida ko bakwai a ciki, halittar namiji da ta mace iri ɗaya ce, daga nan ne hanya ke rabuwa, kuma a kowace gaɓa abu na iya tsayawa a tsaka. Wani ƙwayoyin halittarsa na maza ne amma jikinsa ba ya jin sinadarin maza ko kaɗan, sai ya tashi mace sosai, ba a gane komai sai an ga haila ta ƙi zuwa. Wani a haife shi kamar mace, lokacin balaga murya ta buɗe, jiki ya juya na namiji. Likitoci sun bayyana irin wannan a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika a 1974. Duka dai ana ƙiyasta cewa a haihuwa kusan 4,500 ana samun ɗaya da ba a iya tantancewa da ido. Ka auna yawan haihuwar da ake yi a Kano kaɗai, za ka san ba a kanku farau ba. Ɓoyewa ake yi. Allah Ya ce a farkon Ali Imrana Shi ne ke suranta ku a cikin mahaifu yadda Ya so, kuma bai ware kowa daga wannan aya ba.

Kada wuƙa ta taɓa yaron nan. Ba wanzami, ba tsohuwar da za ta zo ta ce angurya ce a cire, ba ma kaciyar asibiti ba sai likitan da ke bin lamarin ya yarda. Idan namiji ne da mafitsararsa ba ta fito a inda ta saba ba, da wannan fatar ake gyara masa daga baya. Abin da aka yanke ba ya dawowa.

Ka tambaye ni ko shari'a ta san da irin wannan. Abba, mas'alar ƙarshe a Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da malaman ƙasarmu ke sauka da shi a fiƙihun Malikiyya, ita ce ta khunsa, wanda mu muke ce wa mata-maza. Malamai sun duba ta inda yake fitsari, idan ta biyu ne wanne ya riga, wanne ya fi yawa. Idan ya balaga a duba gemu, ko nono, ko haila. In duk an rasa, shi ne mushkili, kuma ba su jefar da shi ba. Sun ba shi sahunsa a salla, tsakanin maza da mata. Sun ba shi gadonsa, rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Kakanka kan ba mu misali da mamacin da ya bar ɗa namiji ɗaya da mushkili ɗaya: a raba dukiya 12, namijin ya ɗauki 7, shi ya ɗauki 5. Mutanen da ba su da na'urar hoton ciki, ba su da gwajin jini, suka zauna suka yi wa wannan bawan Allah lissafin haƙƙinsa har zuwa kan sulai, mu kuma yau muna rufe shi a ɗaki don kada maƙwabta su ji. (Akwai maganar ƙirga haƙarƙari da za ka ji wasu na kawowa, ka bar ta, namiji da mace duk 24 suke da shi, kuma tun da can malamai da yawa ba su karɓe ta ba.)

A garin nan ma an zauna a kan lamarin. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na 11 a Makka cikin Rajab 1409, wato Fabrairun 1989, ta ce wanda alamomin maza da na mata suka haɗu a jikinsa a duba wanda ya rinjaya, a yi masa magani ko tiyata don a kawar da shubuhar, domin lalura ce ake wa magani. A Jidda kuma, asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz ya daɗe da shahara a wannan aiki, a hannun Farfesa Yasir Jamal da abokan aikinsa. Babu abin ɓuya a ciki, ba a wajen hukuma ba, ba a wajen malamai ba.

Maganar suna mai sauƙi ce. A wajen Imamu Malik rago ɗaya ne, namiji ko mace, saboda haka ka yanka ranar bakwai kamar kowa, kada ka tsaya lissafin biyu ko ɗaya irin na maƙwabtanka. Idan sakamako bai fito ba, ga Nur, ga Ihsan, ga Islam, duk maza da mata na amsa su. Takardar Ahwal, wato ta ofishin rajistar haihuwa na nan Saudiyya, ita ce nake so ka yi wa sannu. Ka nemi likita ya gaya maka yadda ake yi a irin wannan hali kafin a rubuta jinsi, domin gyara abin da ya shiga takarda wahala ne. Masu tambayar me aka samu kuwa, ka ce jariri na hannun likita, a yi addu'a. Gaskiya ce, kuma ta ishe su.

Yanzu tambayar da ka yi mini da ƙaramar murya, ko ɗanka irin waɗancan ne da ake nunawa a waya, masu sauya jinsi. Abubuwa biyu ne daban, kuma cakuɗa su ya cuci mutane da yawa. Wanda Turawa ke kira taransjenda, yadda su da kansu da likitocinsu ke bayyana shi, mutum ne da aka haifa da jiki wanda babu shubuha a cikinsa, amma ya tashi yana jin cewa abin da ke ransa ya saɓa da jinsin da aka rubuta masa ranar haihuwa. Ma'aunin a nan maganarsa ce da abin da yake ji, babu gwajin jini ko hoto da ke nuna shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga babin taɓin hankali a 2019, ta mayar da shi wani babi. Mata-maza kuwa a jiki abin yake, ungozoma na gani, ɗakin gwaji na tabbatarwa, tun yaro bai san kansa ba. Ɗan daudu ma da muka sani a gida wani abu ne na uku, ɗabi'a ce da sana'a da zama cikin mata, mafi yawansu jikinsu na maza ne sak. Har gwamnatoci sun yi tuntuɓe a nan. Pakistan ta yi doka a 2018 ta zuba khunsa da mai jin saɓani a ransa cikin suna ɗaya, aka yi ta rigima, har kotun shari'a ta tarayyarsu ta soke wasu sassan dokar a 2023. Waɗanda suka fi shan wuya a rigimar su ne masu lalurar jiki, da aka riƙa jifa da zargin abin da bai shafe su ba.

Wancan zama na Makka da na ambata ya haramta juya wanda halittarsa ta cika zuwa ɗaya jinsin, kuma a kan haka nake, a kan haka na rene ku. Amma hukunci daban, wulaƙanci daban. Imam Nawawi, da yake sharhin hadisan da suka zo kan namiji mai ɗabi'ar mata, ya raba su biyu: wanda ya ƙirƙiro wa kansa, da wanda haka aka halicce shi, kuma ya ce na biyun babu zargi ko zunubi a kansa. Mutumin da ke kwana yana kuka saboda ransa da jikinsa sun ƙi haɗuwa yana cikin jarrabawar da ni da kai ba mu ɗanɗana ba. Ban yarda in ji ɗana na tura bidiyonsu ana dariya ba, da can ma, balle yanzu da ka san yadda kalma ɗaya ke huda zuciyar uba.

Akwai inda hanyoyin biyu ke gogar juna, kuma nan ne nake so ka yi haƙuri na shekaru. Wani lokaci likitoci da iyaye kan zaɓa wa jariri jinsi da kyakkyawar niyya, ya girma jikinsa da ransa su nuna ɗayan. Wannan bai sauya halittar Allah ba, kuskuren mutane ne ya fito. Malaman da ma sun ce idan alamomi suka yi kunnen doki, ana jin ta bakin mai abin, wane ɓangare yake karkata. Mafi yawan 'yan matan da ke da CAH suna tashi mata su zauna mata, amma a wasu nau'o'in ba haka ba ne. Manya da yawa da aka yi wa tiyata suna jarirai sun fito suna kukan an yanke musu hukunci ba a tambaye su ba, an bar su da tabo da rashin jin daɗin aure, har ƙasar Malta ta hana irin wannan tiyata a 2015 sai in akwai larura. Don haka duk aikin da aka kawo maka, ka tambaya: don lafiyarsa ne, kamar fitsari da ba ya fita, ko don idon mutane? Na farko a yi shi yau. Na biyu ka nemi ra'ayin likita na biyu, ka yi istihara, kada kunya ta sa hannu a madadinka.

Sirrinsa nasa ne, kada ya zama labarin gidan biki. Amma shi kada ku ɓoye masa. Ku riƙa gaya masa daidai hankalinsa, tun yana tambayar dalilin shan magani, kada ya zo ya tsinci labarin kansa a bakin wata a ranar da ake maganar aurensa. Ka adana kowace takardar asibiti a jaka ɗaya, zai buƙace su bayan ba mu.

Mahaifiyarka za ta taso ta jirgin Jidda ranar Alhamis, na zauna da ita mun yi wannan magana duka, ta kuma yi alkawarin ita za ta tare 'yan barka. Kafin ta iso ka tambayi likita abu uku ka rubuto mini: yaushe sakamakon ƙwayoyin halitta zai fito, ko hoton ciki ya nuna mahaifa, da kuma alamomin da in kun gani za ku koma asibiti ko da tsakar dare ne. Ka gaishe mini da Hauwa'u, ka ce mata Baffanta na sa mata albarka, ka kuma turo mini hoton jikana in nuna wa ƙannenka.

Wassalam,
Mahaifinka